Ofishin Tallafi da Tafintan da Ya San Mijina

Da hantsi na bar gidan. Daga baya a shagunan unguwarmu ta Fordham, a Bronx, an riƙa cewa gudu na yi, amma tafiya na yi a natse. Na jira har maigidan ya fita da jakunkunan hajarsa, huluna da tabarau da safar hannu da yake bajewa a bakin titi, sannan na wanke kwanonin da muka karya, na goge tebur, na ɗaure wa babbar 'yata igiyar takalmi, na goya ƙaramar. Da na ja ƙofa sai na tura makullin ta ƙarƙashinta ya koma ciki. Ban so a ce na tafi da ko allura ta gidansa.

Ina son sa lokacin da ya zo Katsina neman aurena, da fara'arsa da labaransa na Amurka. Da na sauka a New York shi ya koya mini yadda ake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ba tare da an ɓata ba. Dukan ya fara ne bayan haihuwar fari. Da farko mari ne, ranar da ciniki bai yi kyau ba ko aka tashe su daga bakin titi. Daga baya ko dalili ba ya nema. Kunnena na hagu ya daina ji tun wata Lahadi da gishiri ya yi yawa a miya. Duk da haka na zauna. Abin da ya fitar da ni shi ne ranar da na shigo ɗaki na tarar da babbar, wadda ko makaranta ba ta shiga ba, ta kifa 'yartsanarta a kan gado tana zabga mata silifa, tana cewa da Turanci, "Yi shiru, yi shiru," da irin muryarsa.

Wurin Mma na nufa, can unguwar Flatbush a Brooklyn. Mma dattijuwa ce 'yar Zangon Kumasi. Mun haɗu a asibiti ina awon ciki na biyu, ta ga na rufe gefen fuskata da mayafi ana tsananin zafi. Ba ta tambaye ni komai ba, ta dai ce in haddace lambar wayarta. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, kuma ɗaki ɗaya da falo gare ta. Da ta buɗe ƙofa ta gan mu da jaka, abin da ta fara faɗa da Hausarsu ta Zango shi ne, "Yarinyan nan ya ci abinci?" Ta shimfiɗa mana katifa a falo, ta ɗora shinkafa da wake, muka ci muka ƙoshi.

Bayan 'yan kwanaki ta zaunar da ni ta ce sai na je welfeya, wato ofishin da ke ba marasa hali tallafin abinci da na haya. Na ce mata a gidanmu ba a taɓa roƙo ba. Ta ce yaran a nan aka haife su, haƙƙinsu ne, kuma kunyata ba za ta saya wa ƙaramar madara ba. A cikin bas ta yi mini bayanin abin da zan tarar. Ta ce a da idan mace ta rasa madafa da yara a hannu, taimaka mata kawai ake yi. Tun kafin in zo ƙasar aka sauya dokar. Yanzu duk wadda ta karɓi tallafi sai ta fita aikin da aka tura ta, kuma sai ta faɗi sunan uban yaran da inda yake, don gwamnati ta kai shi kotu ya biya kuɗin ciyarwa. Ta ce akwai sassauci ga matar da ake duka, amma sai ta buɗe baki ta faɗa, kuma sai an yarda da ita.

Ofishin cike yake da kujerun roba da aka ɗaure a ƙasa da ƙarfe, kujerun kuma cike da mata da kekunan jarirai. Akwai baƙaƙen Amurka, akwai masu jin Sifaniyanci, akwai 'yan Haiti, har da farare. Kowace riƙe da lamba tana kallon allo. Mma ta zauna da ni har azahar, sai lokacin aikinta ya yi, kuma tsohuwar da take kula da ita ba ta iya tashi ita kaɗai. Ta dafa kafaɗata ta tafi.

Ma'aikaciyar da ta kira ni matashiya ce mai dogayen farata masu fenti, idanunta a gajiye. Ba muguwa ba ce, ina so a san da wannan. Har alewa ta ba babbar. Da ta ga Turancina bai wuce gaisuwa ba, sai ta latsa waya ta buɗe murya ta ajiye a tsakiyar tebur. Muryar namiji ta fito ta yi sallama ta ce ita ce tafinta. Wallahi da farko sanyi na ji, jin Hausa a wannan wurin. Sai ma'aikaciyar ta karanto cikakken sunana.

"Ikon Allah," in ji muryar. "Ashe ke ce, maman yara? Ana ta nemanki a Bronx."

Nan take na gane shi. Ya ci tuwon sunan ƙaramar a falonmu, har ya nemi ƙari. Sahu ɗaya suke sallah da mijina. Hausawan New York ba mu da yawa, waɗanda Turancinsu ya kai a ɗauke su aikin tafinta kuwa ba su taka kara sun karya ba. Ofishin bai san da haka ba. A wurinsu Hausa wani maɓalli ne da ake latsawa a waya.

Ma'aikaciyar ta yi wata doguwar tambaya tana kallon fuskata. Shi kuwa ya ce, "Tana tambaya ko akwai matsala a gida. Ki yi hattara da abin da za ki faɗa, mutanen nan ƙwace yara suke yi."

Na ce, "Malam, ka gaya mata yana dukana. Ka gaya mata ya kashe mini kunne, kuma ya rantse in na fita sai ya nemo ni."

"Haba 'yar'uwa. Wace mace ce ba a taɓa ɗaga wa hannu ba? Bari in gyara miki maganar."

Ya yi mata magana gajera da Turanci. Kalmomi biyu na kama, don ina jin su a talabijin: famili da furoblem. Matsalar iyali. Ma'aikaciyar ta gyaɗa kai ta ci gaba da buga na'urarta. Na yaye mayafina na nuna mata kunnen, amma kunnen da ya mutu ba ya nuna komai daga waje. Ta tambayi wayar, wayar ta amsa, sai ta yi mini murmushi ta kwatanta mini wani asibiti a kusa.

Daga nan ta zo kan tambayar da Mma ta faɗa mini. Ina uban yaran yake zaune? Ina yake aiki? Na riga na san abin da amsar za ta haifar. Sammaci zai je masa, sammacin kuma zai gaya masa ranar da zan tsaya da ginin da zan tsaya a cikinsa. Ba sai ya wahala da nema ba, gwamnati da kanta za ta kawo masa ni. Tafintan yana ta cewa, "Kada ki faɗa, za ki jefa bawan Allah cikin bala'i." Ni da shi abu ɗaya muke so a wannan gaɓar, amma shi mijin yake karewa, ni kuwa wuyana. Ban ƙara yi masa magana ba. Na dubi ma'aikaciyar na faɗi kalmar Turanci da na fi iyawa.

"No."

Ta yi bayani, ya fassara, wannan karon dalla-dalla ba ragi: idan na ƙi ba da haɗin kai za a zaftare tallafin. Na sake cewa no. Ta ɗaga kafaɗa kamar mai cewa ita ta yi nata.

An zaftare ɗin kuwa. Abin da ya rage ba ya kai mu ƙarshen wata, Mma ce ke cike gurbin ba ta taɓa nuna mini a fuska ba. Aka ba yaran gurbi a gidan reno, ni kuma aka tura ni wani filin shaƙatawa a Brooklyn. Aka ba ni falmaran mai ruwan lemo, da baƙar leda, da sanda mai baki kamar hantsaki ta tsintar shara. Babu albashi, tallafin da kike karɓa shi kike biya da jikinki. Ni aiki bai taɓa ba ni tsoro ba, tun ina ƙarama nake surfe da ɗiban ruwa. Abin da ya dame ni, mace mai ɓuya aka sa wa riga mai ƙyalli aka tsayar da ita a fili, kusa da titin da 'yan tasi ke wucewa, alhali rabin mazan da suka san mijina tasi suke ja.

A wurin na haɗu da wata Ba'amurkiya baƙa, doguwa, ta girme ni, muryarta kamar ta namiji. Sista take kirana, ni ma haka nake kiranta. Tana tsakiyar karatun aikin jinya aka ce mata zaman aji ba ya cikin lissafin aiki, ko ta bar makaranta ta zo ta tsinci gwangwani ko a yanke wa 'ya'yanta abinci. Ta bar makarantar. Wani lokaci muna cikin aiki sai ta riƙa jero sunayen ƙasusuwan jikin mutum da ƙarfi, wai don kada ta manta. Ita ta koya mini Turanci na gaske. Ta fara da nuna abubuwa, benci, ganye, kwalba, sannan muka shiga jimloli. Ranar da ta lura kullum ina juyo mata da kunnen dama, ta tambaye ni dalili. Na gaya mata da hannu da 'yan kalmomin da nake da su. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce babu wanda zai sake faɗar wannan magana a madadina. Daga ranar muna tsintar shara tana sa ni maimaitawa da Turanci: yana dukana, ina tsoronsa, ba na son tafinta namiji. Idan na yi ƙasa da murya sai ta buga sandarta a ƙasa ta ce in sake.

Sanyi ya riga ya shigo, ganyaye sun zube, ranar da mijina ya zo. Rana tsaka ce. Na ɗago kai daga ƙarƙashin wani benci na gan shi tsaye da leda a hannu, yana murmushi kamar wanda ya zo biki.

"Kin ga yadda kika mayar da kanki?" in ji shi a hankali. "Matata, uwar 'ya'yana, tana kwashe kashin kare a gaban arna. Ga rigunan sanyi na sayo wa yara. Zo mu je ki nuna mini inda suke."

Na ce ba zan je ba. Murmushin bai bar fuskarsa ba, ya kama wuyan hannuna ya murɗe, irin murɗewar da na sani. Ban yi ihu ba, shekaru sun koya mini kada in yi. Sista ce ta yi. Ta ɗaga sandarta ta riƙa dukan wata durom ɗin shara ta ƙarfe tana kururuwa, har tsuntsaye suka tashi. Kafin ya ankara mata masu falmaran sun fito daga kowane lungu na filin, kowace da sandarta, suka kewaye mu. Ba wadda ta taɓa shi. Wata 'yar gajera mai jin Sifaniyanci ta ɗaga wayarta tana ɗaukarsa. Ya sake ni, ya ajiye ledar a ƙasa, ya ce da Hausa don ni kaɗai in ji, "Na san filin. Saura gidan renon."

Ban koma filin ba, yaran ma ban sake kai su reno ba. Na je ofis don in yi bayani, aka ce ma'aikaciyata an sauya ta, in jira a kira ni. Kiran bai zo ba. Abin da ya zo shi ne sanarwar cewa na ƙi aiki ba tare da dalili ba, an dakatar da kasona. A na'urarsu ni mace ce mai matsalar iyali, mai taurin kai, wadda ta ƙi faɗin sunan miji yanzu kuma ta ƙi aiki.

A cikin wannan halin ne dattawa suka aiko. Sun samo lambar Mma, suka ce ana son ganina a Harlem don a yi sulhu. Mma ta ce kada in je. Na ce zan je, amma tare da ita, kuma da rana. Muka bar yaran wurin maƙwabciyarta.

A bayan wani shagon kayan abinci aka zauna, tsakanin buhunan shinkafa da galan-galan na manja. Akwai Alhaji mai shagon, akwai wani tsohon malami Bazazzagi mai farin gemu, akwai mijina yana ta sunkuyar da kai kamar wanda aka zalunta. A gefensa kuma ga tafintan, da hularsa zanna. Ranar na fara ganinsa tun bayan suna.

Alhaji ne ya buɗe magana. Ya ce, "'Yata, abin da kika yi bai dace ba. Kin ɗauki sirrin gidan Musulmi kin kai wa gwamnati. Kin san halin ƙasar nan. Yau su ɗaure shi, gobe su kore shi, jibi su ba wasu 'ya'yanki. Ga ki kina shara a titi ana nuna mu da yatsa. Ki koma ɗakinki, mu za mu yi masa faɗa."

Na bari ya gama.

"Baba Alhaji, ku yi mini uzuri. Kun ce na kai shi wurin gwamnati. Duk New York ni kaɗai ce gwamnati ta tambaya inda yake, kuma na ƙi faɗa. Saboda haka aka rage wa jikokinku abinci. Kada ku ɗauka tausayinsa na ji, tsoronsa ne. Shekara nawa ina zuwa masallaci da kumburarren ido? Matanku sun gani, sun gaya muku. Ba wanda ya kira zama a bayan shago. Sai yau da aka gan ni da falmaran kunya ta kama ku."

Mijina ya ɗago zai yi magana, na juya wurin tafintan.

"Malam, ga ka ga ni. Ka gaya wa dattawa abin da na ce ka fassara ranar, da abin da ka faɗa wa matar."

Ya ce shi gyara ya yi niyya, aure yake so ya ceta. Na ce ba wanda ya ɗauke shi aikin ceton aure, bakina aka ba shi aro ya ci amana. Na ce da za a tsince ni a mace a filin nan, shi ne farkon wanda zai zo ta'aziyya ya ci shinkafa. Alhaji ya ce in iya bakina. Mma ta ce a bar yarinya ya yi magana.

Sai a lokacin tsohon malamin ya dubi mijina ya ce, "Ka dake ta?"

"Malam, tarbiyya ce irin ta..."

"Tambayarka na yi. Kunnen nan kai ne?"

Mijina ya sake sunkuyar da kai. Malamin ya jawo sandarsa ya miƙe, ya ce shi ba zai sa baki a mayar da ni ba, duk mai son yin haka ya yi da nasa bakin. Ya fita. Zaman ya watse ba tare da an yanke komai ba. A cikin jirgin komawa Brooklyn Mma ta riƙe hannuna har muka sauka.

Sista ce ta gaya mini ana iya ƙalubalantar ofishin a gaban alƙali, kuma ita ta raka ni wurin wata lauya mai taimakon talakawa kyauta. Lauyar ta tura ni likitan kunne, ya duba ya tabbatar da cewa dodon kunnen ya fashe, kuma irin fashewar da duka ke kawowa. Ta taimaka mini na samo umarnin kotu da ya hana mijina kusantar mu. Ta yi mamaki da ta ji ba a taɓa haɗa ni da jami'ar da ke kula da matan da ake duka ba, ta ce ai tun ranar farko ya kamata a yi. Sista da 'yar gajerar nan mai waya suka ce za su ba da shaida.

Ranar sauraron ƙarar na sa atamfata mafi kyau. Ɗakin ƙarami ne, ba kamar kotun da nake gani a talabijin ba. Alƙalin wani dattijon Bature ne, gefe guda kuma ga wakilin ofishin da tarin takardu. Alƙalin ya ce za a kira tafinta, ya miƙa hannu wajen waya. Na ɗaga hannu kamar 'yar makaranta. Na ce masa da Turancina na filin shara ba na so, ni zan faɗa da kaina, in na kakare lauyata ta san labarin.

Na faɗa. Turancin ya karye a wurare da yawa, wani wurin sai da na nuna da hannu. Na ba shi labarin kunnen da na 'yartsanar. Na gaya masa abin da na faɗa a waya da abin da aka isar. Na ce an tambaye ni me ya sa na ƙi aiki, to ni ban ƙi aiki ba, a ba ni bene in goge daga sama har ƙasa zan goge, amma ba zan tsaya a fili da riga mai ƙyalli ina jiran mutumin da ya ce zai nemo 'ya'yana ba. Sau biyu alƙalin ya ce in sassauta, yana rubutu. Wakilin ofishin ya ce a bayanansu babu inda na ambaci duka. Na juya na dube shi na ce na ambata, da Hausa, da ƙarfi, kuma wayarsu ce ta haɗiye.

Hukuncin ya fito bayan wasu makonni. An mayar mini da tallafin, an ɗage mini maganar kai mijina kotu, an ɗage aikin fili na wani lokaci. Mma ta yi guɗa a kicin har maƙwabta suka buga bango. Ni murnata ba ta kai tata ba, don na karanta sharaɗin. Sassaucin na ɗan lokaci ne. Duk bayan 'yan watanni sai na koma na zauna gaban wata sabuwar fuska na sake ba da labarin tun daga farko, da marin, da kunnen, da filin, don a duba ko har yanzu tsorona ya isa. Na yi hakan sau da dama. Na kai matsayin da nake faɗa ba hawaye, kamar mai karanta farashin kaya, har wata ma'aikaciya ta ce ba ta ga alamar damuwa a tare da ni ba. Na ce mata in tana son kuka ta zo da wuri, ma'aikatan farko sun riga sun shanye hawayen.

Kuma na san ni mai sa'a ce. Ina da Mma, ina da Sista, ina da kunnen da likita zai iya leƙawa ya ga shaida. Matan da na zauna da su a kujerun roban nan da yawa ba su da ko ɗaya. Na san wadda ta faɗi sunan mutumin don ba ta san tana da zaɓi ba, ya tare ta a ƙofar kotu. Na san wadda aka yanke wa tallafi ta koma gidan da ta gudo, don can aƙalla akwai abinci. Waɗanda suka tsara dokar sun ce suna so mata su tsaya da ƙafafunsu. Mu da muka fito da yara a baya, ba mu san kowa ba, da ƙafar wa muka fito?

A cikin lokacin sassaucin na yi kwas ɗin kula da tsofaffi, irin aikin Mma. Na samu aiki wurin wata tsohuwa 'yar Jamaika mai ciwon suga da faɗan tsiya, muka saba har tana cin ɗanwake. Da albashi ya fara shigowa na kama ɗaki na kaina, na je ofis da ƙafata na ce su rufe fayil ɗina. Tsohon malamin nan Bazazzagi shi ya tsaya har aka raba auren. Sista ba ta koma makarantar jinya ba, lokacin da ta samu sarari gurbinta ya riga ya tafi. Tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta yanzu, muna waya duk Lahadi.

Na yi shekaru ban taka Harlem ranar Sallah ba. A Brooklyn nake idi tare da 'yan Bangladesh, inda ba wanda ya san ni. Wata shekara babbar, ta riga ta zama budurwa, ta ce ita tana so ta ga idin mutanenmu. Na ce mu je. Na ɗinka mana shadda iri ɗaya mu uku. Muka isa an tare titi an shimfiɗa dardumai, sahun mata ya cika da fuskokin da na sani. Wasu suka kau da kai, wata ta ja 'yarta gefe. Na ratsa har sahun gaba na shimfiɗa sallayata a tsakiya, yaran a dama da hagu.

Da aka sallame ban yi saurin tafiya ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina yi musu barka da Sallah da ƙarfi, ina tambayar maigida da yara, ina tsaye har sai an amsa. Matar Alhaji mai shago ta amsa ciki-ciki, sannan ta dubi 'yan matan ta ce, "Waɗannan ne? Tubarkalla, sun girma." Ƙaramar ta ja hannuna ta ce da Turanci yunwa take ji. Muka tsallaka titi muka shiga wani gidan abinci na 'yan Nijar, na zaɓi teburin da ke jikin taga, na ce a kawo mana dambu da gasasshen rago.